Rumfar Maƙeri Da Ofishin Akawu

Baƙon da ya sauka Zurmi ko Shinkafi da hantsi, in yana son zuwa maƙera, ba sai ya nemi ɗan jagora ba, ƙarar masaɓa ita za ta kai shi. In ya isa ya sami wuri ya zauna, ya duba a tsanake, zai ga wani abu wanda mutanen gari suka saba gani har suka daina lura da shi. Rumfar ba ta da bango, sai 'yar zana a gefen da iska ke bugowa. An ɗaga rufinta daidai yadda hayaƙi zai sami hanyar fita. Uwar maƙera a kafe ta ke a ƙasa, daidai inda hannun maƙeri zai kai yana zaune, ba sai ya yi miƙa ba. Awartaki na gefe guda, kaskon ruwa na gefe guda, gawayi na kusa da yaro mai zuga, shi kuwa yaron yana bayan ɗan tudun yumɓu wanda ke tare masa harshen wuta.

Ba wani gwanin zane ya tsara wannan wuri ba. Maƙerin da kansa ya kafa shi, shi ne kuma zai wuni a ciki. In ya kafa uwar maƙera nesa da yawa, kafin la'asar kafaɗarsa ta sanar da shi, gobe da safe ya tone ta ya matso da ita. Jiki magayi. Da haka, yau a gyara nan, gobe a gyara can, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, har wuri ya zauna daidai jikin mai shi kamar rigar da aka ɗinka masa.

Haka sauran sana'o'in gargajiya su ke. Masassaƙi ba ya sassaƙa wa yaro ƙotar babba. In manomi ya zo sayen garma ya kan ɗauka ya jinjina, ya sunkuya da ita kamar yana huɗa, in ba ta yi masa ba ya ajiye ya ɗauki wata, ba mai jin haushinsa. Masaƙi ya kan kafa masaƙarsa inda ya san inuwar tsamiya za ta kasance da azahar. Mace ta san turmin da ya yi daidai da tsawonta. Dubi gammo ma, tsumma ne kawai aka naɗe, amma wanda ya fara naɗa shi ya san kan ɗan Adam ba dutse ba ne. Lokacin aiki kuma da rana a ke gwada shi. Manomi ya fita da asuba, in rana ta take ya nemi gindin itace ya sha fura, sai ta yi sanyi ya koma. Ba wanda ya taɓa kiran wannan lalaci.

To, a shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙaura Namoda, nan ta tsaya. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu. Jakuna da raƙuma suka riƙa kwararowa daga ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa, kamfanoni suka kafa kantuna da sito, kuɗi suka shigo, mutane da yawa suka yi arziki. Wannan ba abin musu ba ne. Amma tare da jirgin wani sabon irin wurin aiki ya zo, watau wurin da wani ya gina domin wani dabam ya yi aiki a ciki. Shi wanda ya zana sito, abin da ya dame shi kada ruwa ya taɓa gyaɗa, kada ɓarawo ya shiga. Wanda ya yanka girman buhu, lissafinsa buhu nawa ke cika tan, tan nawa ke cika wagon jirgi. An auna gyaɗa, an auna buhu, an auna wagon, sikeli kuwa har da mai duba shi kada ya yi ƙarya. Wuyan leburan da zai ɗauki buhun daga sikeli zuwa wagon shi kaɗai ne ba wanda ya auna.

Cinikin gyaɗa irin na wancan zamani ya wuce, tashar Ƙaura ta daɗe da rabuwa da hayaniyarta ta da, amma buhu yana nan, har ma ya ƙara girma. Mai karatu ya je kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya tsaya inda a ke lodin hatsi. Buhun gero ko masara ya kan kai kilo 100, wani ma an yi masa ƙari a baki an ɗinke. Mutum biyu su ciccibo su aza wa ɗan dako a wuya, shi da bai fi kilo 60 ba, ya bi wani siririn katako da aka jingina wa mota, ya hau yana rawa, ya jefar, ya sauko, a aza masa wani. Tun a shekarar 1967 Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda ke Janeba, ta ba da shawara kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Kusan ninki biyu ke nan a ke aza wa mutumin nan, sau talatin ko arba'in a wuni.

Me ya hana a rage buhun? Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Kuɗin mota da buhu a ke biya, kuɗin shiga kasuwa da buhu, la'ada da buhu, ladan dako ma da buhu. Saboda haka ɗan kasuwa ya fi son ya danna hatsin buhu biyu cikin ɗaya, ya biya sau ɗaya. Shi kansa ɗan dako, in aka ce za a raba buhu biyu a raba ladan biyu, ba lalle ya yi murna ba, don tafiyar ta ninka, kuɗin bai ƙaru ba. Amma fa siminti da takin zamani buhunsu kilo 50 ne, ana kuwa cinikinsu lafiya lau a kasuwannin nan. Ashe abu ne mai yiwuwa. Ko ba a taɓa buhun ba ma, da za a gina dakali mai tudu daidai da gindin mota, mai gangare a baya yadda baro ko amalanke zai hau, da katakon nan ya tafi hutu, da wuyan mutum ya huta tare da shi. Dakali irin wannan bai kai kuɗin ƙofar kasuwa mai ado ba.

Wanda ya san 'yan dako ya san ƙarshen yawancinsu. Ba safai a kan ga mai furfura a cikinsu ba. Ciwon baya, ciwon gwiwa, ƙaba, su ke sallamar mutum tun da sauran ƙarfinsa, ya koma gida ba fansho ba garatuti, 'ya'yansa su fita makaranta su kama talla. Akwai kuma wani abu da ba a son faɗi. Ƙwayoyin kashe gajiya irin su Tiramol, waɗanda a ke la'antar samari a kansu, da yawa daga masu shansu ba shagala ta fara kai su ba, buhu ne. Ya sha ya daina jin ciwon, ya ɗauki abin da jikinsa ya riga ya ce ba ya iyawa, bayan wata shida ba ya iya tashi sai da ita. A kan tara samari a yi musu wa'azi a kan ƙwaya, wa'azin kuwa gaskiya ne, amma da wuya a ji mai wa'azin ya tambayi nauyin buhu.

Sai rana. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki ya kan haura digiri 40. Jikin mutum da gumi ya ke huce kansa. In yana aiki mai nauyi cikin irin wannan zafi, ruwan jikinsa na tsiyayewa, zuciya na ƙara gudu, hankali na raguwa, a nan ne ƙafa ke zamewa daga katako, a nan ne yatsa ke shiga inji. In abin ya zama kullum, ba a mayar da ruwan da ya fita, ƙoda ce ke biyan bashi. An ga haka ƙarara ga masu saran rake a ƙasar Nikaragwa, inda ciwon ƙoda ya kashe maza majiya ƙarfi masu yawa, maganin da aka ga ya fi amfani kuwa abu uku ne da kowane manomin Zurmi ya sani: ruwa, inuwa, hutu. A shekarar 2019 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da lissafi cewa in zafi ya kai digiri 33 ko 34, mai aiki matsakaici ya kan rasa rabin ƙarfin aikinsa. Ta kuma ce kafin shekarar 2030 zafi zai cinye wa Afirka ta Yamma kusan kashi 5 cikin 100 na sa'o'in aikinta. A Saudiyya, ƙasar da alhazai suka sani, doka ce ta hana sa ma'aikaci aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tun daga tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba. A nan kuwa lokacin ne lodi ke kankama, don direba yana son ya bar daji kafin duhu. In kuma azumi ya faɗo cikin bazara, kamar yadda ya yi a 2024, ruwan ma babu shi, sai inuwa da hutu kaɗai suka rage, su ma in mai kaya ya yarda.

Ɗan dako ya kan hangi akawu ya ce wannan ya huta, yana zaune cikin inuwa yana wasa da alƙalami. Bari a leƙa ofishin.

Gine-ginen En'e na da, da fadojin hakimai, yawancinsu da tubali aka yi su, bango mai kauri, rufin azara da ƙasa, soro mai tsawo, 'yan tagogi a sama. Irin wannan bango ya kan shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki yamma ta yi, an tashi aiki. Yana da nasa aibi, sai an yi masa yaɓe kafin kowace damina, gara na cin takardu, duhu kuma na gajiyar da idon mai rubutu. Amma mutum na iya zama cikinsa da azahar ya yi lissafin haraji bai ɓata ba. Da aka rushe tsarin En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, sai aka shiga gina sakatariya ko'ina, da bulo siriri da rufin kwano, silin a ƙasa ƙasa, manyan tagogin gilashi, waɗansu suna fuskantar yamma sosai. Wanda ya zana su yana can babban birni, ya zana ne da zaton wutar lantarki ba ta yankewa, fanka na juyawa, na'urar sanyaya ɗaki na huci. Ɗan kwangila ya gina ya karɓi kuɗinsa, aka zo aka yanka kyalle, aka yi tafi, kowa ya shiga motarsa. Wanda aka bari a ciki shi ne akawu, wanda ba a tambaye shi ko da inda ya ke son taga ba.

Ran da babu wuta, ranakun kuwa suna da yawa, ɗakin nan kafin ƙarfe ɗaya ya zama tanderu. Gumi na ɗiga kan rajista, tawada na jiƙewa. Sai akawu ya kira masinja su kama teburi su fitar gindin dogonyaro. Mai wucewa ya gan su ya ce, "Ka gan su nan, ma'aikatan ƙaramar hukuma, ba aiki sai hira." Lalle akwai malalata, akwai waɗanda ba a ganinsu sai ƙarshen wata, kare su ba ya cikin wannan magana. Amma kafin a yanke wa kowa hukunci ɗaya, ya kamata mai hukuncin ya shiga ɗakin ya zauna daga azahar zuwa la'asar cikin watan Afrilu, ya haɗa lissafi shafi biyu, sa'an nan ya fito ya faɗi ra'ayinsa.

Waɗansu abubuwan ma ba su kai a rubuta su a takardar koke ba, don kunya. Ofis mai ma'aikata hamsin, bayan gida ɗaya, shi ma makullinsa na aljihun babba. Maza sun san inda su ke zagawa. Mace fa? Sai ta ƙi shan ruwa tun safe har ta koma gida, ga zafi, wata ga ciki, wata ga goyo ba inda za ta keɓe ta ba shi nono. In ta roƙi izini ta ce, "Ranka ya daɗe, zan leƙa gida in dawo," a rubuta ta cikin masu gudun aiki. Masinja, dattijo sa'an uban shugabansa, ya wuni tsaye a bakin ƙofa don ba a sa kujerarsa cikin kasafi ba. Mai gadi ya kwana a fili cikin hunturu, ga ɗakin ajiyar janareta an yi masa rufi da ƙofa mai kwaɗo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne. Amma su ne mutum ke tashi da su ya kwanta da su shekara talatin da biyar, har ya zama mai saurin fushi, talakan da ya zo neman takarda tun daga ƙauye shi ke shan sauran.

Doka ba ta yi shiru ɗungum ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce ɗakin aiki kada tsawonsa daga daɓe zuwa silin ya gaza ƙafa 9, a bar wa kowane ma'aikaci sarari, a sami iska da haske, da ruwan sha, da akwatin magani, da makewayi na maza dabam na mata dabam. Sai dai dokar masana'anta ce, ba ta bin ɗan dako cikin kasuwa, ba ta zama da akawu a ofis. Yawancin masu aikin ƙarfi a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kuwa ba su da takardar ɗauka, balle mai duba lafiyar wurin aikinsu.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wurin da mai aiki ya shirya wa kansa ya tsira. Hikimar maƙeri ta yi aiki ne don wuta tana ƙuna nan take, mutum ya ji ya gyara. Akwai cutar da ba ta sallama. A shekarar 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, cikin wannan jiha ta Zamfara, masu haƙar zinariya suka riƙa kawo duwatsu cikin gari, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, mata na daka su a turmi a tsakar gida. A ganinsu sun kyauta wa kansu, ga inuwa, ga iyali kusa, ba mai sace musu kaya. Ashe duwatsun cike su ke da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, suna sa hannu a baka. Likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin, yara fiye da 400 suka mutu, dubbai suka kamu. Maganin da aka yi, bayan na asibiti, gyaran wurin aiki ne. Aka fitar da niƙa bayan gari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, a Dareta da Abare da sauransu, Bagega kuma a 2013, aka koya wa mutane niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, da wanka da sake tufafi kafin a shiga gida. A nan sanin mai aiki bai isa ba, sai da sanin likita ya haɗu da shi. Amma likitan ma bai ci nasara ba sai da ya zauna da mahaƙan ya ji yadda su ke aikinsu, don da cewa kawai aka yi a daina, ba mai dainawa, ciki ba ya jiran doka.

Irin wannan cuta mai sanɗa tana nan a kowace unguwa. Mai injin niƙa ya kulle kansa cikin ɗan ɗakin kwano ba taga, hayaƙin inji da ƙurar gari suna shiga ƙirjinsa. Masana sun ce in sai mutum ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabansa ya ji shi, ƙarar wurin ta isa ta kashe kunne a hankali. Shi ya sa tsofaffin masu niƙa sai an yi musu ihu. Mai walda ya sa tabarau na kwalliya, ko ya kare da tafin hannu, da dare ido ya kama shi kamar an zuba masa yashi, ya ɗiga ruwan albasa ko abin da ya samu, gobe ya koma. Yaran da ke koyo a hannunsa, yadda suka ga maigida na yi haka za su yi.

A wannan yanki kuma akwai nauyin da ba a aza shi a sikeli, shi ne tsoro. Malamin makaranta ko malamar asibiti da aka tura ƙauyen Zurmi, kafin su yi tunanin kujera sai sun yi tunanin hanya. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, ɗan dako ya gane akwai abin da ya fi buhu nauyi, watau rashinsa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya kukan inuwa, don yana tsoron a ce masa ga ƙofa nan. Shirunsa ba shaida ba ne cewa wurin ya yi masa daidai.

Abin da ya kamata mai gina wa wani ya yi bai da wuya, sai dai yana son sauke girman kai. Kafin a haƙa harsashi, shugaba ya tara waɗanda za su zauna a ciki, har da masinja da mai shara, matan kuma a ji su su kaɗai, don ba za su faɗi nasu gaban maza ba. Ya ce wa tsohon masinja, "Baba, daga ina rana ke dukanku?" Zai ji amsar da ba ta cikin zanen da aka aiko daga birni: a juya tagogi kudu da arewa su fuskanci juna, a ɗaga rufi, a fitar da baranda, a ajiye randa a lungu a sa mai cika ta. Sarkin kasuwa kuma ya zauna da 'yan dako da direbobi da masu karɓar kuɗin shiga a kan maganar buhu da dakali, don ba ɗayansu da zai iya canja ta shi kaɗai. Itace ma a shuka, amma a sani dogonyaro sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da inuwar kirki, a shekarun nan kuwa yana son kewaye saboda awaki, yana son mai ba shi ruwa da rani. In ba a rubuta sunan mai wannan aiki ba, aka kuma yanka masa ɗan abin goro, kafin bazara ta biyu sai a tarar da kara a tsaye.